Yaro Zai Buɗe Shagonsa: A Rabu da Maigida Cikin Amana

'Yan'uwa, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah.

Yawancinmu a nan Jabi da yaron shago muka fara. Mun sauka a tasha daga Kano, Katsina ko Maraɗi, wani bawan Allah ya riƙe mu ya koya mana sana'a. In yaro ya kawo ƙarfi ya buɗe nasa shagon, ko da a layin maigidansa ne a kasuwar Utako ko Wuse, Musulunci bai hana ba, arziki na Allah ne. Yadda ake rabuwar ne ke kai mutane kotu.

Na farko, alkawari. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta fara. In ka sa hannu cewa ba za ka yi irin wannan sana'a ba bayan ka bar aiki, dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta yarda da sharaɗin, muddin bai wuce shekara 2 ba. Maigida na iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Garki. In alƙali ya ga sharaɗin bai wuce kima ba, yana iya dakatar da kai ko ya sa ka biya diyya, ga kuɗin haya ka riga ka zuba.

Na biyu, amana. Ƙwarewar da ka samu taka ce. Amma kwashe littafin kwastomomi, ko karkatar da su alhali kana cin albashinsa, ha'inci ne a shari'a, abin ƙara ne a doka.

Na uku, suna. Kada ka ɗauki sunan da ya yi kama da nasa don mutane su ɗauka shagon ɗaya ne. Hukumar CAC na ƙin rajistar irin wannan suna, kotu kuma na iya sa a sauke allon.

Ku kuma iyayen gida, yaron da ya yi muku shekaru yana hidima, ku sallame shi da jari da albarka. Abin da aka yi yarjejeniya a kai, a rubuta gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta koyar kan bashi. A nuna wa lauya kafin a sa hannu. In saɓani ya taso, a fara kawo shi ga dattawan masallaci.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya kiyaye zumuncinmu. Amin.