Motar Lantarki A Gidanki: Wutar Wa Take Sha?

  

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin gidaje da yawa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ke da kike riƙe da cefane kin fi kowa sanin inda abin ya taɓa. To, shi ya sa zancen motar da ba ta shan fetur ya fara shigowa hirar magidanta. A da labarinta kawai muke ji daga ƙasashen Turai da Sin, yanzu kam ta iso. A ƙarshen 2020 an nuna motar Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda aka harhaɗa a Legas. A watan Afrilun 2021 aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire wa ƙananan motocin haya inji yana sa musu batir. Kada ki ce ai wannan zancen masu hali ne, domin babur da Adaidaita Sahu masu caji suna nan suna shiga gidajen talakawa, kuma duk abin da zan faɗa a kan mota ya hau kansu daidai gwargwado.

Sauƙin da ake faɗa gaskiya ne. Batirin waccan Kona yana ɗaukar yunit 64 na wuta, ya yi tafiyar kilomita 400 ko kusa da haka. In kin lissafa da naira 225 a kowane yunit, wato farashin da aka sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, cika shi bai kai naira 15,000 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 sai ta ci lita 32 a wannan tafiyar, kin ga a naira 1,000 an doshi 32,000 ke nan. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba juyen baƙin mai. Ni ban ga laifin mai gidan da ya yi sha'awarta ba, kuma ba na cikin masu cewa duk sabon abu fitina ne.

Sai dai akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Ranar da motar nan ta shigo, gidan mai ya taso ya dawo cikin gidanki. A da maigida ne ke tsayawa a layi, ya biya, a zuba masa, ke ba ruwanki. Yanzu kuwa a jikin bangonki za a soka waya, mitarki ce za ta ƙirga, kuma sau da yawa ke ce za a ce wa, "In an kawo wuta ki sa yara su jona mota." Kin san hadisin nan da ya nuna kowa makiyayi ne, aka kuma ambaci mace da gidan mijinta a cikinsa. To wannan wayar ta shiga cikin kiwonki. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: wutar da ke shiga batirin nan, ta wa ce, kuma wa aka rage wa kafin ya cika?

Ki fara sanin girman cikin baƙon da kika saukar. Firjin gida yana cin yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini. Ashe cikin mota guda ɗaya daidai yake da abin da firjinki zai ci a wata ɗaya da rabi ko biyu. Cajar da ake kafawa a bango, mai ƙarfin kilowat 7, kamar a kunna dutsen guga shida ko bakwai ne a lokaci guda, kuma shi dutsen guga yana ɗaukewa ya huta, ita kuwa sai ta yi awa tara tana ja ba numfashi.

Mai sauƙin hukunci a ciki shi ne zagaye mita. Za a samu mai gyaran wuta ya raɗa wa maigida cewa zai iya janyo waya ta bayan mita, mota ta sha ba a ƙirga ba. 'Yar uwa, mita mudu ce. Ki koma ki karanta farkon Suratul Muɗaffifina ki ga narkon da aka yi wa mai cika mudu in zai karɓa, ya tauye in zai bayar. Na san abin da ake cewa: ai su ma masu wutar suna cutar mu, su kawo bil ba su kawo wuta ba. Ko da hakan ta faru da ku, ƙorafi yana da ƙofarsa, kuma zaluncin wani bai halatta miki dukiyar da ba taki ba. Ga shi kuma wutar da aka sha ba a biya ba ba ta tafiya a iska. Tana komawa ne kan jama'a, ko ta ƙarin farashi, ko ta bil ɗin ƙiyasi da ake kai wa marasa mita, ko ta rashin gyara. Dokar wutar lantarki ta 2023 ma ta sa satar wuta cikin laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu. Da wane baki za ki hana ɗanki ɗaukar canjin aike, alhali yana kallon wayar da aka zagaye da ita, a motar kuma ake kai shi Islamiyya?

Sai gidan haya, inda mita ɗaya ce ake karo-karo a sa mata kati. An saba raba kuɗi bisa ɗaki, ko bisa wa ke da firji wa ke da fanka kawai. In mota ko babur ya shigo aka ci gaba da rabon da, to bazawarar da ke ɗakin ƙarshe da ƙwan fitila biyu ita ke saya wa mijinki man mota ba da saninta ba. Kunya za ta hana ta magana, kin san halinmu. Shirunta kuwa ba yafewa ba ne. Maganin wannan bai da tsada: ƙaramar mita ta daban a kan layin cajar, a karanta a gaban kowa, a biya.

Bari in ɗan ratse zuwa wani wurin da na tabbata zai haifar da ƙananan maganganu. Mai mata biyu ko uku, kowacce da gidanta da mitarta, mota tana kwana inda ya kwana. In a gidan uwargida aka kafa caja don can ne da filin ajiye mota, katinta ne zai riƙa ƙarewa, wataƙila ma da kuɗin sana'arta take sa shi. In kuwa a gidan amarya aka kafa, sai a wayi gari "bari in je in sa mota a caji" ya zama hanyar satar kwana. Kada ki yi dariya, ƙaramin abu irin wannan ya sha raba zumunci. Kuɗin wutar mota na mai mota ne, a ware shi daga na gida tun ranar farko, a kuma faɗa a fili kowacce ta ji.

Yanzu ga mai wuyar. A ce mitarku ce ku kaɗai, ba zagaye, kati kuma da guminku kuka saya. Shi ke nan an fita haƙƙi? Maigida zai ce, "Da kuɗina na saya, wa na cuta?" Maganarsa tana da ƙarfi, kada ki raina ta. Ba a hana mutum cin halalinsa don maƙwabcinsa bai da irinsa, in ba haka ba da ba wanda zai sa na'urar sanyaya ɗaki. Amma kuɗin da ya biya na yunit ne. Hanyar da yunit ɗin ya biyo ba tasa ba ce shi kaɗai. Taransifoma ɗaya ce ke ɗauke da unguwa, kuma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Daga magariba zuwa wajen goma na dare kowa ya dawo gida, kowa ya kunna nasa, a lokacin ne take nishi. Kin sha ganin ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi da ƙyar, firji yana ƙugi ya kasa tashi. In a daidai wannan lokacin gida biyu ko uku suka jona motoci, na ƙarshen layi su ne za su fara ji a jikinsu. Cikinsu akwai mai sayar da ƙanƙara da zoɓo wadda da firjin nan take ciyar da marayu, akwai mai ajiye allurar ciwon suga da ba ta son zafi. In kuma taransifomar ta ƙone, kin san yadda ake yi: a bi gida-gida da takarda, mai mota da mai fitila biyu kowa a yanka masa, a yi makonni cikin duhu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san mai sa injin ja a bakin famfon gwamnati, ya zuƙe ruwan layi ya cika tankinsa, maƙwabta su buɗe nasu su ji iska. Yana biyan kuɗin ruwa, amma ba wanda ke ce masa mutumin kirki. Magabata ma sun yi magana a kan irinsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yi game da ruwan kwarin Mahzur da Muzainib a Madina: na sama ya tare ruwa a gonarsa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ya gangara wa na ƙasa. Ki duba, ba a hana na sama sha ba, ba a kuma ce ya jira na ƙasa ya fara ba. An ba shi haƙƙinsa, aka yi masa iyaka. A ganina wutar unguwa ta fi kama da wannan ruwan fiye da buhun shinkafar da ka saya ka kulle a sito. Kuma maƙwabci shi ne wanda Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da shi har Annabi (SAW) ya zaci za a ba shi gado.

To mene ne idon sawun a nan? Abin farin ciki, ita motar ba ta matsa sai an cika ta kullum ba. Mai zuwa ofis ya kai yara makaranta ya dawo, in ya yi kilomita 30 a yini, yunit biyar ko shida kawai ya ci. Ƙaramar cajar da ake sokawa a soket, mai jan kilowat biyu da 'yan kai, za ta mayar da wannan cikin awa uku. Yawancin motocin nan ana iya saita musu lokacin da za su fara caji, wasu har da rage ƙarfin da suke ja. A saita ta bayan sha biyun dare, lokacin da unguwa ta yi barci, kafin kiran assalatu ta gama. Ba a rage ku da komai ba. Inda gardama za ta taso shi ne unguwar da ake kawo wuta awa huɗu kacal, kowa ya yi rububi. A nan kam ni ina ganin a bar masu tara ruwa da masu firji su fara, mota ta biyo baya a hankali, sai in tafiyar asibiti ce ko wata lalura.

Wanda Allah ya hore wa, sola ta fi kwanciyar hankali. Faranti mai wat 500 yana ba da kamar yunit biyu a yini a ranarmu ta Arewa, kin ga uku ko huɗu sun ɗauke zirga-zirgar cikin gari, sai dai mota ta yini a gida ko a sayi batirin ajiya, shi kuwa da tsada. Kada kuma a manta da ƙarshen Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda ba wuta saboda lalacewar manyan layuka. Wanda ya tayar da janareta ya kwana yana cajin mota, fetur ɗin da ya gudu shi ya saya, ya kuma tura hayaƙi da ƙara tagar maƙwabcinsa.

Wayarin ma haƙƙi ne. Yawancin gidajenmu ba a yi musu waya don ɗaukar irin wannan nauyin na awoyi ba. Kada ki yarda a jona mota da wayar ƙari irin ta cajin salula, ko a bi da ita ta ƙarƙashin tabarma. A kira ƙwararre ya ja mata layinta daga allon wuta, da makatsarta da wayar ƙasa. Ki riƙa taɓa bakin soket ɗin, in kin ji zafi ko ƙaurin roba ki kashe. Gobara in ta tashi ba ta tsayawa a katangarku.

Saura yadda za ki faɗa wa maigida. Ba ranar da ya shigo da mota yana murna, abokai na sa albarka, za ki tare shi da wa'azi ba. Ki taya shi murna, ki yi addu'a. In an kwana biyu, ya ci ya ƙoshi, sai ki ce, "Alhaji, da za a saita ta sai dare ya raba, kada mutanen ƙasan layi su ce mu muka janye musu wuta." Maza da yawa abin bai zo musu a rai ba ne kawai, kuma ba mai son a riƙa nuna gidansa da baki a masallacin unguwa. In kina da hali ki leƙa wurin maƙwabciyarki mai ƙanƙara, ki tambaye ta ko ta ga canji a firjinta tun da motar ta zo. Ki tambaya ta yadda za ta iya gaya miki gaskiya, domin karon farko cewa za ta yi ba komai.