Ƙishirwa a tsakiyar ruwa

Ina da shekara goma sha uku muka yi gasar iyo da 'ya'yan sarkawa a Yawuri. Bazara ce, kogin Kwara ya ja baya, ruwan gefe ya yi ɗumi kamar an sirka shi don wankan jego. Sharaɗin shi ne wa zai riga taɓa wani ɗan tsibiri da muke hange. Ban kai rabi ba kaina ya fara sarawa, tsokar sharaɓata ta ƙulle, hannuwana suka zama kamar na aro. Ban yi ihu ba, don kunyar a ce ɗan birni ya gaza ta fi mini tsoron nutsewa. Kawuna da ke biye da mu cikin kwalekwale ne ya lura bugun hannuna ya canza, ya cafko ni ta hammata ya jefa ciki, ya miƙo mini gorar ruwa.

"Sha, ɗan nan."

Na ce, "Kawu, ai daga cikin ruwa na fito."

Ya ce, "Ruwan da ke bayan fata bai san da zaman na ciki ba. Sha."

Wannan rana ce ta faɗo mini sa'ad da na karanta labarin Fran Crippen, ɗan Amurka mai shekara 26, gwanin iyon nesa wanda ya ci lambar tagulla a gasar duniya ta birnin Rum a 2009. Ranar 23 ga Oktoba 2010 ya shiga tseren kilomita 10 a tekun Fujaira, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, cikin ruwan da ya yi zafi ƙwarai. Kowa ya fito, shi bai fito ba. Abokan tserensa ne suka ankara, suka koma nema, sai bayan kusan awa biyu aka samo gawarsa. Daga baya hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda a lokacin ake kira FINA, ta kafa iyaka: in zafin ruwa ya haura digiri 31 a ma'aunin Selshiyos, ba tsere.

Mai iyo yana gumi kamar mai noma, sai dai ruwa na wanke gumin kafin ya san ya yi. A tudu, iska ke busar da gumi ta tafi da zafin jiki. A cikin ruwa kuwa, ruwan ne ke ɗauke zafin, kuma in shi kansa ya yi ɗumi har ya kusanci ɗumin fata, zafin da tsoka ke haifarwa sai ya rasa mafita. Ga rana tana dukan gadon baya na kusan awa biyu, ga gishirin teku a baki, wanda haɗiye shi ƙara ƙishirwa yake yi. Shi ya sa a irin wannan tsere masu horarwa ke jeruwa a kan wani dandali da ke bisa ruwa, kowa da doguwar sanda mai kofi a bakinta. Ɗan wasa ya fizgi kofinsa, ya juya rigingine, ya kwankwaɗe, ya wuce. Daƙiƙa kaɗan ne, amma akwai masu tsallake shan don kada ayarin gaba ya tsere musu.

A nan tambayata take. Tun muna yara ake koya mana haƙuri da juriya, ana yabon wanda ya cije. To ina iyakar da juriya ke ƙarewa ganganci ya fara?

Akwai labarin Abu Isra'ila da Buhari ya ruwaito. Annabi (SAW) yana huɗuba ya ga wani mutum a tsaye cikin rana. Aka gaya masa bakance ya yi cewa zai tsaya ba zama, ba shiga inuwa, ba magana, kuma zai yi azumi. Sai aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. Na daɗe ina juya wannan rabo a raina. An bar masa wahalar da aka shar'anta, an kwashe wadda ya ƙirƙiro wa kansa. Ashe wahala a karan kanta ba ta da lada. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce mai azumin da ƙishirwa ta kai shi ga tsoron halaka, shan ruwa wajibi ne a kansa, ya rama daga baya. Matafiyin da ɗan ruwansa ba zai ishe shi sha da alwala ba, taimama zai yi ya adana ruwan, ko da dabbarsa ce ke bukata.

Wani zai kawo mini rundunar Ɗaluta, da aka jarraba da kogi aka hana su sha sai kamfata guda. Gaskiya ne, akwai ƙishirwar da ake jurewa don Allah. Amma su umarni aka ba su, kuma ko a nan ɗin an bar musu kamfatar. Mai tseren iyo babu wanda ya umarce shi.

Duk da haka ba na iya ɗora wa Crippen laifi, kuma wannan ne ya fi damuna. Sana'ar ɗan wasa kacokan ita ce ƙin sauraren jiki. Shekara da shekaru yana koyon cewa in jiki ya ce ya gaji, ƙarya yake yi, kuma sau dubu hakan ne. Ranar da jikin ya faɗi gaskiya, da wace murya zai bambanta? Ga shi zafi in ya yi yawa, hankali yake fara taɓawa, wato abin da za a yi hukuncin da shi ne ke fara lalacewa. Ni a Kwara ban san ina cikin haɗari ba, na ɗauka ragwanci ne. Wanda ke cikin ruwa shi ne mafi raunin alƙali a kan kansa. Saboda haka nake ganin amanar ransa a irin wannan sa'a tana wuyan na bakin gaɓa: mai shirya gasa, mai horarwa, mai kwalekwale. A ce ajali ne, haka ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa tambayar ina yake lokacin da ya kamata ya sa ido ba. Irin wannan sa ido ne ya sa a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 da ƙarfe shida da rabi na safe aka fara tseren iyon nesa, don a riga rana.

Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. In ɗanka zai tafi rafi a bazarar nan, ka ba shi ya sha tun a gida, ko da zai yi maka dariya ya ce ai ruwa zai shiga. Kuma kada ka bar su su tafi sai da babba mai kwalekwale.