Ɗan Ƙwaya Ma Yana Jin Zafi

Jama'ar Sabo, idan aka kwashi ɗan acaba ko ɗan dako zuwa asibiti da karaya, kuma an san yana shan tiramadol, sai ka ji muna cewa a bar shi ya ɗanɗana, ai shi ya jawo wa kansa. To wa ya ba mu ikon yi masa horo da zafin ciwo?

Shaye-shaye haram ne, ba mu da ja. Amma a Sahihul Buhari an kawo labarin sahabin da aka sha yi wa haddi kan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Malamanmu kuma sun halatta gusar da hankali don tiyata saboda larura, ba su ware masu laifi ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɓoyo. Likita ya tambayi uba ko yaro yana shan wani abu, uba ya rantse ko sigari bai taɓa sha ba, don kada a ji a unguwa. Alhali jikin da ya saba da tiramadol ko kodin ba ya jin maganin zafi kamar sauran jikuna, abin da zai kwantar da wani shi ko gezau. In kuma aka yanke masa ƙwayar farat ɗaya, ga gumi, ga amai, ga rawar jiki a kan ciwon tiyata. Wannan rufin asiri ne ko cutarwa?

Wani zai ce, in an ba shi magani mai ƙarfi ai an mayar da shi gidan jiya. Tsoron na da tushe. Shi ya sa likitan da ya san gaskiya yake sauya dabara: allurar kashin baya ko ta kashe jijiyar wurin, a haɗa da farasitamol, mai ƙarfin kuma a riƙa rage shi sannu a hankali. Wanda aka sallama yana murƙususu kuwa, kyamis ɗin bayan tasha zai nufa.

Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma har yau yaranmu ba su rasa inda za su samo shi ba. Don haka duk wanda ya raka mara lafiya, ya ja likita gefe ya faɗa masa me yaron yake sha, guda nawa a rana, da yaushe ya sha na ƙarshe.