Mawaƙi Da Makaɗi, Wa Ke Da Waƙa?

Wata rana da hantsi, a teburin mai shayi da ke bakin wata majema a Challawa, gardama ta kaure tsakanin leburori biyu. Waƙar Shata ce ke tashi a rediyo. Ɗaya ya ce, "Malam, ai waƙa magana ce. Ko an cire kalangun nan, zancen Shata yana nan daram." Ɗayan ya ce, "Haba ɗan'uwa! Cire kalangun mana, mu ga wanda zai gyaɗa kai."

Mai karatu, kowannensu da gaskiyarsa. Baiti shi ke zama a zuciya har ya koma karin magana, kiɗa kuwa shi ke tsayar da kunne ya saurari baitin. Ɗan Maraya Jos dai ya huta da wannan rigima, don a zamaninsa shi ke waƙarsa, shi ke kaɗa kuntiginsa.

Sai dai fa ga inda gizo ke saƙar. Shata ya rasu tun 1999, amma har yau yaro ma ya san sunansa. To, mutum nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan makaɗansa ko 'yan amshinsa? Haka abin yake lokacin da masaƙun Bompai da Sharada ke aiki dare da rana: a yaba yadi, a yaba mai kamfani, wanda ya kwana tsaye a gaban inji ko oho.

Ba laifi ba ne a jinjina wa mai fasahar baki. Laifin shi ne ranar rabon kari da yabo a manta da mai gumi, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya raba mu da cin haƙƙin na baya, amin.