Zafin Bazara Da Iyakar Haƙuri

Kafanchan gari ne da aka san shi da ni'ima. Ga duwatsun Kagoro, ga ruwan Matsirga, kuma damina kan sauka a nan tun Kano da Katsina suna duban sama. Amma duk da haka bazarar 2024 ta fitar da mu tsakar gida da tabarmi, muna fifita har asuba. Azumin Ramalana ya kama ranar 11 ga Maris, a daidai lokacin da Kiristoci ke tsakiyar nasu azumin na kwana 40. A ƙasar Mali abin ya fi namu muni. Ranar 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mamata 102 cikin kwana huɗun farko na watan.

Duk wanda ya koka a waɗannan kwanaki, amsa ɗaya muka ba shi: sai haƙuri. Ba mu yi ƙarya ba. Bahaushe ya ɗauki haƙuri maganin zaman duniya, kuma Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa shi cikin halayen da ke cika mutum. Tambayar ita ce: shin kowace wahala ce ta cancanci wannan amsa?

A ganinmu haƙuri na da muhalli, wato abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Ba mu da ikon sassauta rana. Masana yanayi kuma sun nuna cewa zafi irin na Mali ba zai kai haka ba in ba don hayaƙin man fetur da kwal da duniya ke ƙonawa ba, alhali kasonmu a ciki kaɗan ne. To amma buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanyoyin kudancin Kaduna, manyan motoci na kwasa zuwa birane, ai inuwarmu ce aka ɗure a ciki. Wanda ya sare kaɗanya da ɗorawa, sannan ya zauna a rana yana kiran haƙuri, sakacinsa ne ya sauya wa suna.

Wani zai ce mai gawayi talauci ne ya tura shi daji, kuma uwargidan da ta kasa sayen gas dole ta hura wuta. Gaskiya ne, kuma a nan maganar ta fi nauyi, domin zafi bai rabu daidai ba. Mai janareta da na'urar sanyaya ɗaki labarin bazara yake ji. Ɗan acaɓa da ɗan dako da matar da ke shanya citta a rana, su ne ke shan ta. Idan na cikin sanyi ya leƙo ya ce wa na rana ya yi haƙuri, ya ɗora masa kayan da shi bai taɓa ɗauka ba. Haƙuri abu ne da mutum kan nema daga kansa. Abin da ake bin mai hali kuwa shi ne karamci da adalci, waɗanda su ma suna cikin halayen mutumin kirki.

Garinmu ya ɗanɗana rikici tun daga 1987, ya san ɗacin rabuwa. Amma a waccan bazara mai azumin masallaci da mai azumin coci gindin mangwaro ɗaya suka fake, kuma mangwaron bai tambayi kowa addininsa ba. Wanda ya dasa shi wataƙila bai daɗe har ya sha inuwarsa ba. Wannan ma haƙuri ne, irin wanda ke tafe da aiki: a dasa, a yi ban ruwa da rani, a kare daga awaki, a jira shekaru. Kafin itacen ya girma kuwa, randar ruwan sanyi a ƙofar gida domin mai wucewa ba ta fi ƙarfin ɗayanmu ba.