Zurfin ciki ba shi ne haƙuri ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, a watannin nan mun sha jin cewa wane ya yanke jiki ya faɗi a shago, an kai shi asibiti an ce shanyewar ɓarin jiki ne. Sai mu ce: "Ai lafiyarsa ƙalau jiya-jiyan nan!" Alhali hawan jini ya daɗe yana cinsa, babu wanda ya sani, wani sa'in har shi kansa.

Mun baro garuruwanmu, wasu Kano, wasu Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, mun zo Abuja neman halali. Mutum ya fito daga Mararaba da asuba, ya sha cunkoson Nyanya, ya wuni a kasuwar Wuse, mai gida na jiran kuɗin haya na shekara, a gida kuma ana ta bugo waya. Kowa da yadda yake ɗaukar wannan kaya, kuma likitoci sun daɗe suna duba ko halin mutum na taɓa lafiyarsa.

A shekarar 1959 wasu likitocin zuciya biyu a Amurka, Friedman da Rosenman, suka ce masu gaggawa da zafin nema sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Binciken da ya biyo baya ya rage wa maganar ƙarfi, amma zargi ya fi tsayawa a kan yawan fushi da ƙullata. Mu wannan bai zo mana da mamaki ba. Wani sahabi ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah (SAW), ya hana shi yin fushi, ya maimaita masa har sau da dama. Ya kuma koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

Wanda ya fi shafarmu shi ne binciken Marmot da Syme na 1976 a kan Japanawa mazauna Kalifoniya, baƙi kamar mu. Waɗanda suka riƙe al'adarsu da cuɗanya da jama'arsu, ciwon zuciya ya yi ƙaranci a cikinsu sosai a kan waɗanda suka watsar, kuma bambancin abinci ko shan taba bai isa ya bayyana dalilin ba.

To mu ina matsalarmu? Zurfin ciki. Bahaushe ya gwammace ya haɗiye baƙin ciki da ciwo, ya kira shi haƙuri, don kada a ce ya gaza. Haƙurin da Allah Ya yaba shi ne kada a yi fushi da hukuncinSa. Annabi Ayyuba (AS) da kansa ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, Manzon Allah (SAW) kuma ya umarce mu da neman magani.

Kada dai wani ya fahimce mu a baibai: ciwo ba shaidar mugun hali ba ne. Akwai gado, akwai gishiri, akwai shekaru, kuma salihai da yawa na fama da ciwon suga.

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, sai an auna. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko sama, ya ga likita, kuma kada ya daina shan magani don ya ji sauƙi. Bayan sallar yau, ma'aikatan lafiya daga cikin jama'armu za su zauna a bakin ƙofa da na'urar awo, kyauta ne. Wanda ya san ɗan'uwan da ya kwana biyu bai ga shi a sahu ba, ya neme shi kafin Juma'a mai zuwa.