Hayaƙin Da Ya Tsallaka Katanga

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A shekarar 2017 hukumar sararin samaniya ta ƙasashen Turai ta harba wani tauraron ɗan Adam mai suna Sentinel-5P, wanda ke kewaya duniya a nisan kilomita fiye da 800. Aikinsa auna dattin iska. Hasken rana yakan sauka ƙasa ya koma sama, kowace irin gurɓatacciyar iska kuwa tana da ɓangaren hasken da take shanyewa. Da abin da ya ragu ake gane irin hayaƙin da yawansa, da kuma inda ya fito.

Da wannan awo ne ƙungiyar Greenpeace ta bayyana a 2018 cewa lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, inda tashoshin lantarki masu ƙona kwal suka taru, yana cikin wuraren da suka fi gurɓatar iska a duniya. A 2022 babbar kotun Pretoria ta yanke cewa iskar wannan yanki ta keta haƙƙin mazaunansa.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne ga Shari'a. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya lissafa abubuwan da alƙali zai hana saboda cutar da maƙwabci: hayaƙin gidan wanka, da warin majema, da masussuka a ƙofar gidan wani. Ke nan mallakar wuri ba ta halatta wa mutum iskar maƙwabcinsa ba.

A ƙasashen Dambatta da Bichi da Kunchi babu tashar kwal. Amma gida na jikin gida, gona na jikin gona. Akwai injin niƙa a gindin katanga, da janareta da bakinsa ke duban tagar wani, da juji mai leda da ake cinna wa wuta da almuru. Wanda ya kunna ya tafi harkarsa. Jariri da tsohuwa mai tari su ne ke shaƙa, balle a lokacin hunturu da ƙura ta riga ta cika ƙirji.

Tauraron yana iya nuna babbar tasha, amma ba ya ware hayaƙin injin mutum guda. To, abin da ya kuɓuce wa na'ura bai kuɓuce wa mala'iku marubuta ba, balle Ubangijin da Ya halicci iskar. Haƙƙin bawa kuwa tuba kaɗai ba ta sauke shi, sai an janye cutar, an nemi gafarar mai shi.

Saboda haka mai inji ya nisanta shi daga ɗakunan kwana, ya juya bututunsa, ya riƙa gyara shi. Mai juji ya fid da leda, ya kai taki gona. Masu unguwanni da limamai su sulhunta tun magana ba ta kai gaban alƙali ba.

Allah Ya tsare Musulmi daga ɗaukar alhakin maƙwabci, amin.